Tsofaffin taswirorin Asiya na zamanin mulkin mallaka: tarawa da adanawa

Taswirorin da Turawa suka zana na nahiyar Asiya, tun daga ƙarni na 16 har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, a yau suna warwatse a ɗakunan adana tarihi, da jami'o'i, da hannun masu tara kayan tarihi. Asalinsu kayan aiki ne na fatauci da yaƙi da karɓar haraji. Kamfanin Holan mai kasuwanci a gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1602, ya ɗauki taswirorin teku a matsayin sirrin kasuwanci: akan zana su da hannu a kan fata, a danƙa wa matuƙin jirgi, shi kuma ya mayar da su idan ya dawo. Willem Blaeu ya zama mai zana wa kamfanin taswira a 1633, ɗansa Joan ya gaje shi a 1638.

Ingilishi kuwa ƙasa suka fi sa wa ido. A 1767 aka naɗa James Rennell babban safiyon Bengal, sannan a 1802 William Lambton ya soma gagarumin awon Indiya daga yankin Madras, aikin da George Everest ya karɓa a 1823. Da yawa daga cikin takardun wannan zamani suna Laburaren Birtaniya da ke Landan, na kamfanin Holan kuma da dama suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Hague.

Darajar waɗannan takardu ta wuce ta ado. A 1962 Kotun Duniya ta yanke hukuncin cewa wurin ibada na Preah Vihear mallakin Kambodiya ne, bayan taƙaddama da Thailand. Babbar hujjar ita ce wata taswira da jami'an Faransa suka zana a farkon ƙarni na 20, wadda kotun ta ce hukumomin Siam sun karɓa ba tare da sun ƙi amincewa da ita ba.

Mai saye yakan tantance taswira ta hanyar ɗaga ta sama ga haske, domin ya ga layukan tsohuwar takardar hannu da tambarin masana'antar da ke cikinta. Yakan kuma shafa gefe ya ji shatar da farantin tagulla ya bari lokacin bugu. Ninki a tsakiya alama ce cewa daga kundi aka ciro ta, kuma a nan ne aibin kasuwar yake, domin wasu dillalai kan farke kundi su sayar da shi falle-falle saboda ya fi riba. Sata ma ba baƙuwa ba ce: a 2005 an kama dillali Forbes Smiley a wani laburare na Jami'ar Yale, daga baya ya amsa cewa ya saci taswira 97.

Abin mamaki, taswirar ƙarni na 17 takan fi ta ƙarshen ƙarni na 19 ƙarko, saboda ta farko da tsumma aka yi takardarta, ta biyu kuwa sau da yawa da ɓargon itace mai sinadarin asid, wanda kan sa ta yi ja ta riƙa karyewa. Koren launin da aka haɗa da tagulla yakan ci takarda har ya huda ta, haka ma tawadar da ke ɗauke da ƙarfe. A ƙasashe masu zafi da laima, fumfuna da gara su ne manyan abokan gaba.

Saboda haka masana kan shimfiɗa taswira a kwance cikin jakar takarda marar asid, a ɗaki mai sanyi da laimar da ba ta hawa da sauka, nesa da hasken rana. Ba a liƙa yagewa da salatif. Siririyar takardar Japan da kullun sitacin alkama ake amfani da su, domin ana iya cire su ba tare da ɓarna ba. Idan za a ɗauki hotonta don intanet, akan haɗa har da bayanta, inda hatimin ofis da rubutun hannu kan nuna hannayen da ta bi.