Daga Taran Kano Zuwa Zauren Mai Unguwa: Asalin Mulkin Shawara a Birnin Dabo

Duk wanda ya ratsa lungunan Gwale, ya bi ta Mandawari ya faɗa Galadanci, a kan tarihin mulki yake tafiya ko da bai lura ba. Sunan Galadanci daga Galadima ya samo asali, domin a nan gidan wannan tsohuwar sarauta yake. Galadima kuwa yana cikin manyan da Sarkin Kano ba ya yanke babban hukunci sai ya ji ta bakinsu.

Tarihin Kano ya nuna Bagauda ya fara sarauta a shekarar 999, amma wanda ya shimfiɗa tsarin fada shi ne Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma kafa majalisar mutum tara da ake kira Taran Kano, wadda ta haɗa da Galadima da Madaki da Wambai da Makama da Sarkin Bai. A zamaninsa ne Shehu Al-Maghili ya zo Kano, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba a kan mai mulki. Rumfa ya gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, musamman jinkar birnin da fatake ke shigowa ta kowace ƙofa.

Jihadi ya kawar da Sarki Muhammadu Alwali, Malam Sulaimanu ya zama sarkin Fulani na farko. Da Ibrahim Dabo ya gaje shi a 1819, sai ya tarar da ƙasa cike da tawaye. Maganin da ya samo shi ne farfaɗo da tsofaffin sarautun Haɓe, da izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya raba su ga gidajen da suka yi jihadi. Haka aka wayi gari da masu zaɓen sarki huɗu da muka sani a yau: Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, sai Sarkin Dawaki Mai Tuta daga Sulluɓawa. Kowane gida ya sami abin riƙewa, kowa kuma ya san iyakarsa.

Irin wannan hikima ta ɓulla a wasu sassan duniya. A arewa maso gabashin Amurka, ƙabilun Irokwa biyar sun dunƙule a ƙarƙashin majalisar shugabanni 50 da ke zama a Onondaga, ta shida kuma, Tuskarora, ta shigo wajen 1722. A can iyaye mata na kowace zuriya ke zaɓen shugaba, su ne kuma ke da ikon tuɓe shi idan ya kauce. Hanya ta bambanta da tamu, amma manufar ɗaya ce: kada mai mulki ya rasa wanda zai ce masa a'a.

Kano ta ɗanɗani kuɗarta ranar da aka tsallake shawara. Bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Bello a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa aka naɗa ɗan marigayin, Galadima Tukur, alhali zukatan yawancin manyan gari suna wajen Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi. Yusufawa suka fice zuwa Takai, Yaƙin Basasa ya ɓarke. Yusufu ya rasu kafin a kai ƙarshe, ƙanensa Alu ya ƙwace birni a 1894, Tukur kuma ya rasa ransa a 1895. Shekara takwas bayan haka, a Fabrairun 1903, Turawa suka ci Kano.

Turawan ne suka tura hakimai su zauna a gundumomi maimakon zaman birni, tsanin ya tsaya kamar yadda yake yanzu: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kammala karɓe ikon gudanarwa daga hannun masarauta, amma bai iya karɓe amanar jama'a ba. Je ka ƙofar gidan mai unguwa a Diso ko Gyaranya bayan la'asar. Za ka tarar da tabarma a shimfiɗe, takalma a jere a gefe, maƙwabta biyu sun kawo ƙarar kwata ko katangar da ta shiga iyakar wani. Kowa zai durƙusa ya ce "ranka ya daɗe", ya faɗi nasa, dattawa su sa baki, a tashi da addu'a ba tare da an je kotu ba.

Wannan tabarma jikar majalisar Rumfa ce. Wajibi ne mu koya wa 'ya'yanmu cewa sarautar Kano a kan shawara aka gina ta, kuma duk mai rawani, babba ko ƙarami, ya riƙe wannan gado da hannu biyu.