Tuba, Gafara da Fansa a Bakin Kirista Bahaushe

Yaron da bulala ta sauka a bayansa yakan yi ihu, "Na tuba!" Baƙo kuma ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Gafara dai." Kalmomin nan biyu na yau da kullum su ne ginshiƙin wa'azi a majami'un ƙasar Hausa, tun kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya taka rawa a ciki.

Dukansu aro ne daga Larabci. Asalin tuba komawa ne, kuma ma'anar ta dace da "shub" ta Ibrananci, wato juyowa. Kalmar Helenanci ta Sabon Alkawari, "metanoya", canjin tunani take nufi. Shi ya sa masu wa'azi ke raba tuba da nadama. Yahuza Iskariyoti ya yi da-na-sani, har ya mayar da azurfa 30, amma bai dawo ba. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, ya yi kuka, ya dawo. Wanda ya furta da baki hali bai sake ba, Bahaushe ya riga ya raɗa wa tubansa suna: tuban muzuru.

Tushen gafara rufewa ne, kamar a lulluɓe laifi. Amma kalmar Helenancin, "afesis", saki ce, irin na mai bin bashi da ya ce ya bar maka. A nan "yafe" tamu ta gida ta fi kusa, domin da ita ake yafe bashi a kasuwa. Addu'ar Ubangiji a Matiyu sura 6 ma, a asalinta, bashi ta kira zunubi.

Musulmi da Kirista sun yi tarayya a tuba da gafara. Inda suka rabu shi ne fansa. A da, fansa kuɗin da ake biya ne a 'yanta bawa. Kirista ya gaskata mutuwar Yesu a kan gicciye ce fansar da ta sa ake gafarta zunubi. Sai ga shi a Hausar yau "ɗaukar fansa" ramuwar gayya ce.

Saboda haka, mai karatu, in ka ji ana maganar fansa, tambayi mai maganar: biya zai yi ko ramawa?