Asalin Kalma: Shayi

Shayi baƙuwar kalma ce da ta zama 'yar gida. Tushenta ƙasar Sin, inda ake kiran ganyen "ca". Fatake suka bi da ita ta tudu har Farisa, can ta koma "cay", Larabawa suka ce "shay", Bahaushe kuma ya ƙara mata wasali a ƙarshe kamar yadda ya saba. Turawa kuwa ta teku suka samo ganyen, wurin mutanen gaɓar Fujiyan masu cewa "te", daga nan "ti" ta iso mana.

Sunayen kayan ƙamshin shayin ma Larabci ne: kanumfari daga "ƙaranful", kirfa daga "ƙirfa", na'a-na'a daga "na'na'".

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ma'anar ta faɗaɗa. A daren Sallah ko sanyin hunturu, uwargida za ta dafa citta da kanumfari, babu ganyen Sin ko ƙwaya, kowa ya ce shayi ne, kuma daidai ne.