Launin Bango a Damagaram, Daga Makuba Zuwa Fenti

Bana yayana ya gama ginin gidansa a Zinder, ya dage sai an shafa masa fenti ruwan toka mai duhu, irin wanda yake gani a waya. Wai shi ake yayi. Gardamar da muka yi ce ta sa na koma zagaya Birni, ina kallon bangaye.

Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, da tubali ake gini, launin gida kuwa daga kayan da ke kare shi yake fitowa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke ba bango wannan ja mai duhu, ta kuma hana ruwan sama cin ƙasa. Katsi daga marina ake kwaso shi, a ƙona, a yi shafe da shi. Sai farar ƙasa. To, ka ga launi da aiki tafiyarsu ɗaya.

Amma kada mu ce kakanninmu ba su san yayi ba. Sun sani sarai! Turawan Faransa sun shigo a 1899, Zinder ta riƙe babban birni har 1926, fatauci na gudana tsakaninta da Kano. Sannu a hankali siminti da fentin kanti suka iso, attajiran Birni da Zango suka shiga gasar ado: dagi, shuɗi, kore, rawaya. Abin da na lura shi ne inda suka sa adon. Fuskar zaure da kewayen ƙofa, nan magini ke baje basirarsa. Sauran katanga a bar ta da launin ƙasa, wanda ƙurar hunturu ba ta kunyata shi. In ado ya koɗe, gyaran bango guda ne, ba gida duka ba.

Na faɗa wa yaya haka. Na ƙara da cewa launi mai duhu zafi yake sha, kuma shi ya san yadda ɗaki ke zama a watan Afrilu in an ɗauke wuta. Ya ce ni dai tarihi ya cinye min kai.

Daga baya matarsa ta sa baki. An shafa wa gidan ruwan ƙasa mai haske, ruwan tokan ya tsaya a ƙofa da tagogi. Har yau yaya cewa yake dabararsa ce.