Daga Maƙera Zuwa Ofishin En'e: Waiwaye Kan Sana'o'in Kakanni a Muchalla da Mubi

Duk wanda ya zauna da dattawan gidansu yana neman salsalar zuriyarsu zai lura cewa sunan kaka ba safai yake zuwa shi kaɗai ba. Za a ce wane maƙeri, wane madugu, wance mai tukwane, wane malamin jangali. Da yake yawancin gidajenmu ba su gaji rubuta ranar haihuwa ko ta rasuwa ba, wannan laƙabi shi ne sau da yawa shaidar da ta rage ta yadda mutum ya yi rayuwarsa. Matashin yau yakan ji kalmar ya ɗauka ya gane ta, alhali abin da take nufi a Kano ba shi take nufi a duwatsun Muchalla ba, kuma ma'anarta a 1890 ba ita ce ta 1950 ba. Ƙasar Mubi wuri ne mai kyau na ganin haka, domin zamani uku ne suka hau kan juna a nan, kowanne da sana'o'insa da sunayen da ya ba su.

Muchalla tana cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, a gindin duwatsun Mandara kusa da iyakar Kamaru, kuma tana ɗaya daga cikin garuruwan Fali tare da Vimtim da Bahuli. A wannan yanki kowa manomi ne tun fil azal, don haka ba a yi wa mutum laƙabi da noma. Wanda ake warewa da suna shi ne maƙeri. A wajen al'ummu da dama na waɗannan duwatsu, irin su Margi da Higi da Fali, ƙira ba sana'ar da mutum ke zaɓa ba ce. Haihuwar mutum ake yi a cikinta, ya yi aure a cikinta, ya haifi 'ya'ya a cikinta. Gidan maƙera su ke ƙera fartanya da gatari da lauje da kibiya, matansu kuma su ke ginin tukwane. Ban da wannan, a wurare da yawa su ke ɗaukar gawa su binne ta, su ke kiɗa a wajen biki da makoki, su ke ba da magani da yin duba. James Vaughan ya rubuta wannan game da Margi, Walter van Beek kuma ya yi littafi guda kan maƙeran Higi da 'yan'uwansu Kapsiki na tsallaken iyaka, inda har duba da ƙaguwa yake hannunsu.

Saboda haka idan ɗan Muchalla ya ji an ce kakar kakarsa mai ginin tukwane ce, ya sami bakin zare mai tsawo. Mai yiwuwa ne ta fito daga gidan maƙera, kuma wannan zai nuna masa gidajen da ya kamata ya nemi danginta, tunda irin waɗannan gidaje a tsakaninsu suke aurayya ko da ƙauyukansu sun yi nisa da juna. Amma sai an yi hattara. A Sukur, can ƙasar Madagali, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, narka tama ba aikin maƙera kaɗai ba ne. A da manoma ma sukan tara baƙin yashi daga ƙoramu bayan ruwan sama, su narka shi su fitar da ƙarfe, sannan maƙeri ya karɓa ya sarrafa. Wanda aka ce yana zuga wuta yana fitar da ƙarfe, ba lallai ne ya zama ɗan gidan maƙera ba. Tambayoyi biyu ne ke raba gardama: shin yana binne gawa, kuma 'yar gidan wa ya aura?

Zamani na biyu ya zo da jihadi. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Mubi ta shiga ƙarƙashin masarautar Fombina, wato Adamawa, aka kuma kafa Yola a 1841. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta Uba da Mubi a 1851 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya tarar ana ciniki da ƙyallen saƙa a matsayin kuɗi, abin da Fulani ke kira leppi, Barebari kuma gabaga. Masaƙin wancan lokaci kenan ba tufa kawai yake saƙawa ba, abin da ake sayen hatsi da biyan sadaki da shi yake fitarwa. Haka matan da ke gurza auduga, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari, suna cikin tushen arzikin gida ko da ba a ambaci sunayensu a jerin kakanni ba.

Fulani sun riƙe mulki da kiwo da malanta, amma yawancin sana'o'in kasuwa baƙi ne suka kawo su, Hausawa da Barebari. Fatake sun shigo Adamawa neman hauren giwa da bayi, wasu suka yi zango suka zauna. A ayarinsu kowa da matsayinsa. Madugu shi ne shugaba, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Akwai malamin ayari mai rubutu da addu'a, akwai kuma fatoma a gari, wanda ke saukar da baƙi ya adana kayansu ya haɗa su da masu saye. Farke daban yake da ɗan koli, mai yawo da allura da madubi da turare daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma dukansu daban suke da dillali, wanda ba shi da kaya, la'ada kawai yake ci. Gidan da ya ce kakansu madugu ne yana da'awar babban matsayi, kuma akwai hanyar tantancewa, domin sanannun madugai suna da zuriyar da aka sani. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ɗan Madugu Abdullahi ne na Bebeji, daga Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja.

Sauran sana'o'in ma kowace da rassanta. Majemi shi ke jeme fata, baduku kuma ya ɗinka ta ya yi takalmi da jaka da kube da laya. Marini yana tsoma tufa a karofi da baba da toka, mabugi ya karɓa ya buge ta har ta yi ƙyalli. Maƙerin baƙi yana aikin garma da wuƙa, maƙerin fari yana aikin azurfa da tagulla, mundaye da zobba. Wanzami ba aski kawai yake yi ba: shi ke ƙaho, da cire belu, da kaciya, da tsagar gado, wadda ita kanta shaidar asali ce a fuskar mutum. A bakin Fulanin Adamawa kuma za a ji kilajo ga maƙeri da bangaro ga mahauci, don haka gida ɗaya zai iya riƙe sunan sana'arsa da harshe biyu ko uku.

A nan ne kuskure ya fi saurin faruwa. Maƙerin Bahaushe da ya zauna a Mubi yana gadon sana'arsa, amma ba ya binne gawa, ba a kuma ware masa ƙwaryar cin abinci. Maƙerin dutse yana da waɗannan nauye-nauye duka. Wanda ya haɗa su a kalma ɗaya ya haɗa tarihi biyu da ba su da alaƙa. Masanin nan M. G. Smith ya rubuta a 1959 cewa Hausawa suna bambanta karda, wato sana'ar gado, da shigege, wadda mutum ya shiga da rana tsaka. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai ga mai bincike. Sana'ar gado takan kai mutum baya zuriya biyar ko shida, har ta nuna garin da aka fito. Ta haye kuwa, wato shigege, takan nuna cewa wani abu ya faru: ƙaura, ko yunwa, ko maraici, ko bauta.

Bauta ba abin da za a tsallake ba ne a wannan ƙasa. Hamman Yaji na Madagali ya bar littafin da aka riƙa rubuta masa al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, wanda Vaughan da Anthony Kirk-Greene suka buga a 1995, kuma a ciki an jera hare-haren da ya kai wa mutanen duwatsu da yawan waɗanda aka kamo. Wasu daga cikin irin waɗannan bayin Allah an zaunar da su a rumde, ƙauyukan noma na iyayengiji, wasu sun koyi saƙa ko kiwon doki a gidan da suka tsinci kansu. Idan labarin gida ya tsaya cak a kan mutum ɗaya, ba a san ubansa ba, ba a san garinsu ba, sai sana'arsa da sunan ubangidansa, to wannan shirun ma bayani ne.

Zamani na uku na Turawa ne. Jamusawa sun kama Mubi a 1903, Ingilishi suka karɓe ta a 1914, ta zauna cikin ƙasar amana har ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigar da ita Nijeriya a matsayin hedkwatar lardin Sardauna. Cikin waɗannan shekaru tsofaffin sana'o'i suka fara ja da baya. Sulalla suka kori ƙyallen saƙa daga matsayin kuɗi, atamfa da akoko na kanti suka rage wa masaƙi da marini kasuwa. Tarkacen ƙarfen mota ya yi araha, har narka tama ya mutu wajen tsakiyar ƙarni na 20, maƙeri ya koma sayen ƙarfe a kasuwa. A maimakonsu En'e ta haifi nata laƙabobin. Malamin haraji da malamin jangali ba malaman allo ba ne, ma'aikatan karɓar kuɗi ne, na biyun a kan shanu. Duba-gari jami'in tsabta ne mai leƙa randa da masai. Ɗan doka na En'e ne, ɗan sanda na gwamnati, dogari na sarki. Akwai tafinta, da masinja, da akawu, da helma mai kula da leburorin hanya. Mishan ɗin da suka fara aiki a Garkida a 1923, waɗanda cocin EYN mai hedkwata a Kwarhi ya samo asali daga gare su, sun ƙara da malamin makaranta da mai bishara da malamin asibiti. Aikin soja da na ɗan sanda kuma ya ɗebi samarin duwatsu da yawa, hanyar da ta kai Alex Badeh, ɗan Vimtim, ga zama babban hafsan tsaron Nijeriya a 2014.

Wannan zamani ne ya fi barin takardu. Rahotannin ƙiyasin haraji na lardin Adamawa suna ɗakin adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, kuma a irinsu jami'an Turawa sukan ƙirga masu sana'a na kowace gunduma. Sai dai jami'in da ke neman haraji ba ruwansa da bambancin majemi da baduku, kuma aikin mata, irin su kaɗi da dakau da ungozomanci, ba safai yake shiga lissafinsa ba. Ƙamusun Bargery na 1934 yana taimakawa wajen gano ma'anar kalmomin da suka bar bakin mutane, littafin Kirk-Greene kan Adamawa na 1958 da na Sa'ad Abubakar kan Lamiɓen Fombina na 1977 suna ba da shimfiɗar zamani. Amma babu ɗayansu da zai faɗa wa mutum wace ce kakarsa. Wannan yana bakin tsofaffi ne kawai, kuma mamayar da 'yan Boko Haram suka yi wa Mubi a 2014 ta nuna yadda dare ɗaya zai iya tarwatsa mutane da takardunsu.

Abin da ya fi mutuwar tsofaffi ɓarna shi ne kunya. Gidaje da yawa, da suka musulunta ko suka shiga coci ko suka koma birni, sun bar ambaton cewa kakansu maƙeri ne mai binne gawa, ko mahauci, ko maroƙi, ko bawa. An maye gurbinsa da malami ko ɗan sarki, sai zuriya ta tashi da asalin aro. Wannan hasara ce babba, domin ba a noma ba tare da fartanyar maƙeri ba, ba a kuma raɗa suna ba tare da wanzami da mahauci ba. Katsinawa har yau suna girmama Wali Ɗanmarina, babban malamin ƙarni na 17, da sunan da ya fito daga sana'ar rini, kuma hakan bai rage masa komai ba.

Mai neman asalin gidansu a Muchalla ko a cikin garin Mubi ya fara da tambayoyi masu sauƙi, ya kuma ɗauki amsoshin a waya ko a takarda. Da wane harshe ake kiran sana'ar kaka, kuma yaya ainihin kalmar take? Gado ce ko haye? A hannun wa ya koya, a wace kasuwa yake sayarwa, gidan wa yake aure? Akwai sauran kayan aikinsa, uwar maƙera ko zabira ko allon saƙa? Kada ya tsaya ga maza kawai, domin gwaggo da inna sun fi riƙe labarin aurayya. Ya je wurin gidajen maƙera da wanzamai na unguwa, tunda sana'arsu ta shigar da su kowane gida ranar suna da ranar makoki. Ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Mubi suna da wannan aiki a ƙofar gidansu. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji Hausawa. Wanda zamani ya hana shi gadon masaba da zugazugi, to ya gaji sanin abin da aka yi da su, ya rubuta shi yadda yake, ya bar wa 'ya'yansa.