Bakin kogin Bordo: daga tashar jiragen ruwa zuwa wurin shan iska

Birnin Bordo na kudu maso yammacin Faransa yana bakin kogin Garon, kimanin kilomita 100 daga tekun Atilantika. A daidai birnin kogin ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, shi ya sa ake kiran tsohuwar tasharsa Tashar Wata.

Tun ƙarni na 12 ake loda giyar inabi a nan zuwa Ingila. Amma a ƙarni na 18 ne tashar ta bunƙasa, lokacin da jirage ke kawo sukari da kofi daga tsibiran Karebiyan, musamman ƙasar da ake kira Haiti a yau. Bayi ne suka noma wannan arziki. Daga 1672 zuwa 1837, kusan sau 500 jirage suka tashi daga Bordo zuwa fataucin bayi a gaɓar Afirka, kuma in ban da Nant babu tashar Faransa da ta fi ta a wannan harka. Dogayen gidajen dutse da ke jere a bakin ruwan, waɗanda baƙi ke ɗauka hoto a yau, galibinsu na wannan zamani ne. Daga baya kamfanonin birnin irin su Maurel et Prom suka koma sayen gyaɗar Senegal, ana matse ta a masana'antun mai na birnin.

A farkon ƙarni na 20 aka gina manyan rumbunan kaya na kankare, aka kuma katange wurin da shingen ƙarfe. Da jirage suka ƙara girma, kwantena kuma ta shigo, sai aiki ya koma Basans da kuma Verdon da ke kusa da teku. A 1987 aka daina sauke haja a tsakiyar gari, wurin ya zama kufai da filin ajiye motoci.

Bayan Alain Juppé ya zama magajin gari a 1995, aka danƙa wa Michel Corajoud, gwanin tsara lambuna, gyaran kilomita 4.5 na bakin kogin. An rushe yawancin rumbunan, an mai da sauran kantuna da zauren baje koli, an shimfiɗa hanyar keke da filayen wasa. Abin da ya fi jan jama'a shi ne Madubin Ruwa da aka buɗe a 2006: daɓen dutse mai faɗin murabba'in mita 3,450, da ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 2 ba, yara na wasa a ciki lokacin zafi. A 2007 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

Batun bayi kuwa an daɗe ana kauda kai daga gare shi. A watan Mayun 2019 aka kafa a bakin kogin mutum-mutumin Modeste Testas, ƴar Afirka da wasu ƴan kasuwar Bordo suka saya suka kai gonarsu a Haiti.