Bashin Magani a Kan Kuɗin Diyyar Rauni a Amurka: Nazarin Dokokin Jihohi da Hukuncin Kotun Ƙoli

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake cire kuɗin magani daga diyyar da mai rauni ya samu ta hanyar sulhu a Amurka. Ta dogara da dokokin wasu jihohi da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, ta kuma nuna cewa abin da mai rauni zai tashi da shi ya rataya ne a kan yadda aka kasa kuɗin sulhun.

Haƙƙin asibiti

Idan mota ta buge mutum, asibiti kan yi masa magani, sannan ya aika wa kamfanin inshorar mai laifi sanarwa cewa yana da haƙƙi a cikin duk abin da za a biya. Daga nan lauyan mai rauni ba shi da ikon miƙa wa wanda yake wakilta kason da ake jayayya a kai. Dole ya ajiye shi a asusun amana. Inda gizo ke saƙar shi ne, wasu asibitoci kan rubuta cikakken farashinsu, ba ragaggen da suke karɓa daga inshorar lafiya ba. Wasu jihohi sun taka wa abin burki. A Illinois, jimillar abin da masu magani za su riƙe ba ta wuce kashi 40 cikin ɗari na diyyar. A Kalifoniya, asibiti ba ya ɗaukar fiye da rabin abin da ya rage bayan an sallami masu haƙƙin da suka riga shi.

Medicaid a gaban kotu

Shirin Medicaid, wanda ke biya wa marasa galihu kuɗin magani, ya fi wuyar sha'ani. Heidi Ahlborn ta yi haɗarin mota a 1996, jihar Arkansas ta kashe mata dala 215,645 ta hanyar Medicaid. Aka yi sulhu a kan dala 550,000, alhali ɓangarorin sun amince asararta ta haura dala miliyan 3. Jihar ta nemi kuɗinta gaba ɗaya. A 2006 Kotun Ƙoli ta ce sai dai ta ɗiba daga kason magani kaɗai, wato dala 35,581. Kason raɗaɗi da na asarar albashi na mai rauni ne. A 2013, a shari'ar Wos, kotun ta soke dokar Karolina ta Arewa da ke ɗaukar sulusin kowane sulhu a matsayin kason magani ba tare da damar musu ba.

Sai ga shari'ar Gallardo a 2022. Gallardo yarinya ce 'yar shekara 13 da mota ta buge a 2008 tana saukowa daga bas ɗin makaranta a Florida. Medicaid ya biya fiye da dala 860,000, aka yi sulhu a kan 800,000, jihar ta nemi 300,000. Alƙalai 7 cikin 9 suka ba ta damar ɗiba har daga kason maganin da za a yi nan gaba. A ganin mai wannan nazari, hukuncin ya yi tsauri, domin kuɗin da za a yi wa yarinyar jinya da su gobe ne aka biya bashin jiya da su.

Abin da ya rage wa lauya shi ne ya tara shaidar likitoci da ta masana lissafin asara tun kafin a sa hannu, don tabbatar da kason da bai shafi magani ba. A Florida, mai ƙalubalantar lissafin jihar sai ya je zaman sauraren ƙorafi na hukuma da hujja bayyananniya mai gamsarwa.